Kafin Ki Bi Kogin Ɗumi na Cikin Teku

Park Hill, Staten Island

Zuwa ga 'yata Hadiza, Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, da fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, duk da bango ɗaya ne ya raba ɗakinki da namu. Allah ya tsare ki a tudu, ya tsare ki a kan ruwa, ya kai ki North Carolina lafiya, ya dawo mana da ke lafiya.

Labarin gida kin san shi, ba abin da zan ƙara. Na zaɓi rubutu ne don in na fara magana da baki, kafin in kai ƙarshen zance kin ba ni amsa da Turanci, ni kuma sai in manta inda na dosa. Hausa kuwa a hankali kike karanta ta, kina motsa leɓe. Hakan nake so.

Aikin da kika samu, yadda kika yi min bayani, shi ne ku hau jirgin bincike ku fita can cikin teku, ku riƙa auna kogin ɗumin nan da ke gudu a cikinta, wanda ake kira Gulf Stream: zafinsa, saurinsa, da yadda yake sauyawa daga wata zuwa wata. A ilimin wannan kin fi ni nesa ba kusa ba. Abin da na fi ki shi ne kuskure. Na tafka da dama a bakin ruwan nan, zan kuma gaya miki waɗanda suka shafe ki.

Ni mutumin Kano ne. Ruwan da na sani ina yaro shi ne kududdufin bayan unguwarmu, sai dam ɗin Tiga da aka taɓa kai mu daga makaranta. A wurina ruwa abu ne mai zama wuri ɗaya, in rana ta take ya yi ɗumi, in gari ya yi sanyi shi ma ya yi. Shekarar da muka dawo tsibirin nan na New York, na kama aiki a ɗakin gwajin jini na asibiti, ba ki wuce shekara biyar ba. Wata Lahadi a farkon Yuni aka tashi da zafi irin na bazarar gida, na ɗauke ki muka tafi South Beach. Mutane birjik kwance a kan yashi, amma na cikin ruwa ba su taka kara sun karya ba. Na lura da haka, ban tambayi dalili ba. Na saɓa ki a wuya na shiga da gudu. Ruwa na kawo min ƙirji numfashina ya sarƙe, kamar an naushe ni a ƙahon zuci. Na durƙusa, kika suɓuce kika sha ruwan gishiri. Na cafko ki a riga muka fito kina tari, haƙoranki na haɗuwa. Wata tsohuwar Baturiya ta lulluɓe ki da tawul ɗinta, ta dube ni ta ce, "Ruwan nan bai san Yuni ta kama ba tukuna. Ku dawo a Satumba."

Gaskiya ta faɗa. Tekun nan a bayan rana take tafiya, kuma da nisa. Sanyin winta yana zama a cikinta har ganye ya gama fitowa, sai a ƙarshen Agusta da Satumba take kaiwa ƙarshen ɗuminta, lokacin da mutane suka fara zaro rigunan sanyi. Mafi sanyinta kuma ba a Disamba ba ne, sai wajen Fabrairu da Maris. Don haka kada ki auna ruwa da abin da fatarki ke ji a iska. In kin ga wuri mai kyau babu kowa a ciki, ki tambaya kafin ki sa ƙafa. Matambayi ba ya ɓata.

Baba Awudu kin san shi, amma ba ki san yadda muka haɗu ba. A masallaci ne, bayan sallar Juma'a, na ji wani yana neman wanda zai taya shi fentin jirgi. Mutumin Zangon Sekondi ne a Gana, aikin kula da tsofaffi yake yi a wani gida a Brooklyn. Ya sami wani tsohon kwalekwale mai inji yana ajiye shi a tashar ƙananan jirage ta Great Kills. A bakin teku aka haife shi, iyo kuwa tun bai iya karatun allo ba yake yin sa. Irin Hausarsu ba ta raba mace da namiji, shi ya sa kullum yake ce miki, "Kai Hadiza, zo ka gani," ke kuma ki yi ta dariya har ki riƙe ciki.

Shi ya fara gaya min cewa teku tafiya take yi. Ya ce a gaɓarsu ruwa gabas yake nufa, ya wuce Accra, ya wuce Lome, ya doshi Legas, kuma da damina ya fi gudu. Ruwan ɗumi ne kusan duk shekara, sai wajen Yuli zuwa Satumba wani ruwa mai sanyi ya taso daga ƙasa, ya zo da ƙananan kifin da suke kira amane, gari ya cika da hayaƙin banda. Yakan ce, "Malam Sani, garin nan komai a juye yake. Lokacin da ruwan gida ke sanyi, na nan yana zafi. Ni ban gane kan shi ba." Ya faɗi wannan a gabana ba sau ɗaya ba. Duk da haka na sa a raina cewa tun da ɗan teku ne, ya san teku, na miƙa masa wuya gaba ɗaya. Ban taɓa tsayawa na ce wace tekun ya sani ba.

A jirginku za ki tarar da mutanen da suka yi shekaru a kan ruwa. Ki girmama su, ki saurare su. Amma ki san inda kowa ya koyi abin da ya sani, da watan da ya koye shi. In gwani da bakinsa ya ce bai gane kan wuri ba, ki ɗauki maganar da muhimmanci fiye da yadda shi ya ɗauke ta.

Kina 'yar shekara goma sha biyu muka fara tafiya da ke. Wata Asabar a Satumba muka tsallaka zuwa wajen Sandy Hook, muka tsaya a wani lungu mai ciyawar ruwa inda ruwan bai wuce gwiwa ba, ɗumi kamar an sirka shi. Kika ja 'yar komarki kika fito da wani kifi da bai fi kwabon da ba, fari da rawaya, da baƙin layi a ido da ɗigo kusa da wutsiya. Baba Awudu ya juya shi a cikin bokiti ya ce, "Wannan ba ɗan garin nan ba ne." Kika ce za ki kai shi gida ki sa a tankin gilashi. Na ce a'a. Na ce Allah a teku ya halicce shi, zalunci ne a kulle shi a falo. Kika roƙa, kika yi kuka, na karɓi bokitin na juye shi a ruwa. Na dawo gida ina jin na koya miki tausayi.

Ba a yi mako biyu ba kika dawo daga makaranta, kika tsaya a ƙofar kicin da jaka a bayanki. Malamarku ta kimiyya ta yi miki bayani. Irin kifin nan a can kudu ake haifar su, wajen Florida da tsibiran da ke ƙasa da ita. Tun suna ƙanana kamar ƙwayar gero kogin ɗumin ke kwaso su ya yi arewa da su. Shi kogin ba ya zuwa bakin New York, tun daga North Carolina yake rabuwa da gaɓa ya nufi tsakiyar teku. Amma a hanya yana lanƙwasa kamar maciji, wani lokaci lanƙwasar ta tsinke ta zama wani babban kewayen ruwan ɗumi mai juyawa, ya gangaro kusa da mu, daga nan iska da igiya su ƙarasa da 'yan kifin cikin lungunan gaɓa a ƙarshen lokacin zafi. Hanyar komawa babu. Da sanyi ya shigo a Nuwamba duk suke mutuwa. Kika ce min da Turanci, ba tare da ɗaga murya ba, "Baba, da ka bar min shi da ya rayu."

Da na ba da labarin nan a masallaci wasu suka ce ai mu ne kifin, ruwa ya kwaso mu ya yar a ƙasar sanyi. Ban yarda ba. Kifi ne kawai, kuma ni na yanke masa hukunci ban san daga inda ya fito ba. Kyakkyawar niyya ba ta maye gurbin sani. Kafin ki ce ga inda abu ya dace, ki bincika ta ina ya zo, da abin da zai same shi bayan kin juya baya.

Yanzu zan zo kan ranar da kika sha tambaya ta ina kauce miki. Kin girma, kuma inda za ki ya sa dole ki ji.

A Afrilu ne, shekarar da kika shiga babbar sakandare. Asabar ta farko mai ɗumi bayan doguwar winta. Manyan kifin nan masu zane a jiki sun shigo Raritan Bay, kowa mai jirgi ya fito. Kin so zuwa, mamanki ta hana saboda jarrabawa. Muka fita da hantsi mu biyu, ni da Baba Awudu. Rana ta buɗe sosai, har Baba Awudu ya cire suwaita ya zauna da singileti. Rigunan ceto, irin masu hana mutum nitsewa, muka cusa su ƙarƙashin benci don suna sa gumi. Ni na fara cire tawa. Na taɓa ruwan da hannu da zan yi alwala, na ji shi kamar wanda aka ciro daga firij. Na san abin da hakan ke nufi tun ranar South Beach, amma ban haɗa shi da rigar da ke ƙarƙashin benci ba.

Bayan azahar ruwa ya fara janyewa zuwa teku da ƙarfi, muka ce mu canza wuri. Anka, ƙarfen da ake jefawa ya riƙe jirgi, ta maƙale a ƙasa. Baba Awudu ya je goshin jirgi ya sunkuya yana jan igiyarta, sai ga igiyar ruwan wani babban jirgi da ya wuce can nesa ta iso mu. Kwalekwale ya ɗaga ya sauka, Baba Awudu ya faɗa ruwa da ka.

Ban tsorata ba da farko. Mutumin da na sha gani yana nutso a Agusta ya ɓullo a wancan gefen jirgi yana dariya. Har na buɗe baki zan yi masa tsiya. Da ya ɗago sai na ga bakinsa a buɗe yana jan iska kamar mai shaƙuwa, ya kasa cewa komai. Ruwa kuma yana jan sa baya. Na jefa masa igiya, ta faɗi a kafaɗarsa. Ya kama, ta zame. Na sake jefawa. A karo na gaba na ga yatsunsa a kan igiyar, amma sun ƙi rufuwa. Ya dube ni ya ce, "Malam Sani, hannu ya mutu." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na jefa rigar ceto, iska ta yi gefe da ita. Na koma kan inji. Shekara da shekaru ina hawa jirgin nan ban taɓa tayar da shi da hannuna ba, kullum shi ke yi ina kallon ruwa. Na ja igiyar injin har kafaɗata ta yi tsami, bai tashi ba, ashe akwai wani ɗan maɓalli da ake fara sawa. Ko da ya tashi ma anka na riƙe da mu, wuƙa kuwa tana cikin akwatin da ban san inda ya sa makullinsa ba. Rediyon jirgi na gabana ban san tashar da ake kira ba. Da wayata na kira 'yan agaji, suna tambaya ta ina nake, na rasa abin da zan ce ban da ruwa. Wasu masu kamun kifi ne suka ji ihuna suka zo suka tsamo shi. An yi ƙoƙari a jirginsu, an yi a asibiti. Allah ya riga ya yi ikonsa. Ni na shiga cikin masu yi masa wanka, muka kai shi maƙabartar Musulmi a New Jersey.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan na sani, kuma na daina yi wa kaina shari'a a kai. Amma an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Likitan da ya duba shi ya gaya min cewa ruwan sanyi irin wannan yana fara ƙwace numfashi, sannan hannu, kuma iya iyo ba ya hana ko ɗaya. Da riga a jikinsa, da ya yi ta yawo a saman ruwa har a zo.

Saboda haka, Mamana, rigar ceto ki sa ta ko ana dariya, ko ke kaɗai ce da ita, ko gumi na zuba. Ranar farko da kika hau jirgi ki zagaya shi ki san inda komai yake: wuƙa, rediyo, ƙararrawa, ƙaramin jirgin tsira. Ki koyi yadda ake faɗin inda kuke da lambobi. Kada ki ce ke mai auna ruwa ce, wannan aikin ma'aikatan jirgi ne. Ranar da za a buƙace shi mai yiwuwa wanda ya iya shi ne a cikin ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kuma kada sunan ruwan ɗumi ya ruɗe ki. Ke da kanki kika gaya min cewa a inda za ku yi aiki, wajen Hatteras a gaɓar North Carolina, kogin yana gudu fiye da saurin tafiyar mutum, kuma ko a Janairu yana da ɗumi har tururi ke tashi a kansa, alhali ruwan da ke gefensa ta wajen gaɓa sanyi ne ƙarara. Kin ce gudunsa yakan ɗan ƙaru da zafi ya ɗan lafa da kaka, gefensa kuma ba ya zama wuri ɗaya, inda kuka bar shi wannan wata ba nan za ku same shi wata mai zuwa ba. Kin ce in iskar arewa ta taso ta yi karo da shi, igiyoyi kan miƙe tsaye kamar katanga, kuma da sanyi aka fi yin haka. Kin faɗe su kina murna, kamar mai ba da labarin biki. Ni abin da na ji shi ne wanda ya faɗa a can, ko sanyi bai kama shi ba, ruwa zai yi gaba da shi kafin a juya jirgi. Ki riƙa tuna wannan in kina sunkuyawa a gefe don ciro na'ura.

Sallarki kuma kada motsin jirgi ya sa ki bari. Alƙibla za ta riƙa juyawa, ki fuskance ta gwargwadon iko, in tsayuwa ta gagara ki zauna. Na tambayi liman, ya ce akwai sauƙi ga matafiyi, ki kira shi ya yi miki bayani da kansa.

Saura kuskure ɗaya, kuma wannan ba a kan ruwa na yi shi ba.

Bayan rasuwar Baba Awudu mamanki ta ce ba wanda zai sake kusantar teku a gidan nan. Feri, babban jirgin fito, kaɗai ta yarda da shi, don ba wata hanyar zuwa Manhattan mai sauƙi. Ban ja da ita ba. Amma ke kika kasa haƙura. Kullum tambayarki ɗaya, ta yaya rana za ta yi zafi haka ruwa ya kashe mutum da sanyi. Sai na saya miki ma'aunin zafi muka ɗaura masa zare, duk Lahadi mu ce mun tafi laburare, mu wuce Midland Beach ki jefa shi daga kan gadar masu kamun kifi. Mun yi haka daga zafi har sanyi har wani zafin, kina ganin ma'aunin na hawa yana sauka a bayan rana. A raina cewa nake ina kare mamanki daga damuwa, ina kuma kare ki daga hani.

Yashi ne ya tona mu, a cikin safarki. Mamanki ba ta yi faɗa ba. Ta gama wanki, ta shanya, ta zuba mana abinci. Sai da kika shiga ɗaki ta zauna a gabana ta ce, "Malam, da ka gaya min, da na hana, wannan gaskiya ne. Wataƙila kuma da kun rinjaye ni. Amma duk Lahadin nan ina zaune hankali kwance ina yi muku addu'ar Allah ya ba da ilimi, alhali addu'ar tsari daga ruwa ya kamata in yi. Wannan ka ƙwace min." Ta daɗe kafin ta sake yarda da maganata a kan inda za ni, ko da kanti na ce. Ban ga laifinta ba.

Abin da ya sa na kawo wannan kin riga kin gane. Ni kin gaya min gaskiyar aikinki. Mamanki kuwa kin ce mata ɗakin bincike ne a jami'a, aikin kwamfuta, daga gida sai ofis. Ba ki gaya mata za ki riƙa yin makonni a kan ruwa inda waya ba ta shiga. Na san a wurina kika koyi wannan dabara, shi ya sa ba zan yi miki faɗa ba. Amma na gwada ta kafin ke, ba ta da amfani. Za ta kira ki ba ta samu ba, ta sake kira, ta kira jami'ar, wani baƙo ne zai gaya mata 'yarta na tsakiyar teku.

Ba zan faɗa mata a madadinki ba, magana taki ce. In kuma ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba. Za ta yi kuka, mai yiwuwa ta ce ba za ki ba. Ki zauna ki saurara har ta gama, kada ki katse ta da Turanci, kada ki kawo mata lissafin cewa jirgin bincike ya fi mota aminci. Ki nuna mata hoton jirgin, da rigar da za ki sa, da sunan wanda za ta kira in ta ƙagu. Ni zan kasance a falo. In ta juyo gare ni zan ce na yarda ki tafi, don na yarda.

Tana kicin yanzu tana daka miki yaji, ta riga ta ƙulla kuka da daddawa a leda, tana ta lissafin tukunyar da za ta ishe ki a ɗakin haya. Motarki sai jibi. In kin kai nan a karatu, ki ninke takardar ki je ki same ta.

Allah ya yi miki albarka. Allah ya sa ki gama da mu lafiya. Ya tsare ki daga sharrin iska da na ruwa, na sanyi da na ɗumi, ya haɗa ki da abokan aiki masu amana, ya sa ilimin da za ki samo ya amfani mutane. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Duk sanda za ki taka jirgi ki yi addu'ar da Annabi Nuhu ya yi, kin haddace ta tun a islamiyya. Mu kuma daga nan za mu riƙa bin ki da tamu, mu biyu.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sani